Lalacewar jijiyoyi ga masu ciwon suga da ke kan insulin: magungunan da ake da su

Lalacewar jijiyoyi, wadda likitoci ke kira neuropathie diabétique da Faransanci, tana cikin matsalolin da suka fi addabar masu ciwon suga nau'i na 1, wato waɗanda ba sa rayuwa sai da allurar insulin. Sugan da ya daɗe yana da yawa a jini shi ke ɓata jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Ciwon yakan fara daga yatsun ƙafa ya hau sama, da zafi kamar wuta, ko suka kamar ta allura, ko kuma ƙafar ta daina ji baki ɗaya.

Har yanzu babu maganin da ke tayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Abin da ake iya yi uku ne: hana lalacewar ci gaba, rage zafi, da kare ƙafa.

Daidaita suga

Wannan ne ginshiƙi. Wani babban bincike mai suna DCCT, wanda aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 kan mutum 1,441, ya nuna cewa tsananta kula da suga, ta hanyar allura sau uku ko fiye a yini da yawan awon jini, ya rage kamuwa da lalacewar jijiyoyi da kusan kashi 60 cikin 100. Ga yawancin manya, ana so awon HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, ya tsaya ƙasa da kashi 7. Sai dai a sauko da shi a hankali, domin faɗuwar suga da gaggawa ita ma tana iya tayar da zafin jijiya. Zafin rana yana rage ƙarfin insulin, saboda haka inda babu firji ake ajiye shi cikin tukunyar ƙasa mai sanyi.

Magungunan rage zafi

Paracetamol da ire-irensa ba su cika amfani ga irin wannan zafi ba. Magunguna huɗu ne aka fi farawa da su: amitriptyline, duloxetine, pregabalin da gabapentin. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2022, ya gano cewa ukun farko kusan ƙarfinsu ɗaya, kuma haɗa biyu yana taimaka wa wanda ɗaya bai ishe shi ba. Amitriptyline ya fi araha, amma yana sa barci da bushewar baki, kuma bai dace da tsofaffi ko masu ciwon zuciya ba. Pregabalin da gabapentin suna sa jiri, kuma dole a rage yawansu ga mai ciwon ƙoda.

Akwai kuma filastar capsaicin, sinadarin da ke sa barkono yaji, wadda ake mannawa a ƙafa a asibiti. A 2021 Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa kusa da lakar baya domin zafin da ya gagari magani, amma tana da tsada ƙwarai. Tramadol kuwa, wanda ake sayarwa barkatai a kasuwannin Sahel, likitoci ba sa ba da shawarar dogaro da shi saboda yana kama jiki.

Kare ƙafa

Ɗaukewar zafi ba ta nufin an warke, domin wani lokaci alama ce ta cewa jijiyar ta gama mutuwa. Ƙafar da ba ta ji tana iya taka ƙaya ko rairayi mai zafi ba tare da mai ita ya sani ba, har miki ya ruɓe ya kai ga yankewa. Don haka a duba tafin ƙafa kullum, a tsane tsakanin yatsu bayan wanka ko alwala, a shafa mai lokacin hunturu saboda faso, kuma kada a yi tafiya ba takalmi.

Ana so a fara gwajin jijiyoyi shekara 5 bayan gano ciwon, sannan a riƙa maimaitawa kowace shekara. Likita zai kuma duba ko akwai ƙarancin bitamin B12, domin alamominsa iri ɗaya ne, shi kuwa yana da magani. Duk mikin da ya fito a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.