Mene Ne Shaidar Halal a Jikin Kayan Shago?

Halal kalmar Larabci ce, ma'anarta abin da aka halatta. Shaidar halal kuwa takarda ce ko tambari da wata hukuma ke ba mai sarrafa kaya, bayan ta bincika ta tabbatar babu naman alade, jini, mushe ko barasa a ciki, kuma an yanka dabbar yadda Musulunci ya tanada. Masu binciken sukan duba har tukwane, injina da ma'ajiya.

A Kafin Hausa ko Dutse ba ma tambayar mahauci takarda, domin kowa ya san wanda ya yi yankan. Maganar takarda tana tasowa ne a kan kayan gwangwani da na leda, inda ido ba ya ganin abin da aka haɗa. Sinadarin jelatin da ke cikin wasu alewa da kwanson magani ana samunsa daga fata da ƙashin shanu ko na alade. A 2001 sai da Ajinomoto ya janye kayansa daga kasuwannin Indonesiya, bayan malaman ƙasar sun gano an yi amfani da sinadarin da aka samo daga alade wajen sarrafa shi, ko da yake babu shi cikin ɗanɗanon da aka sayar.

Lambar NAFDAC ba shaidar halal ba ce. Ita tana nuna an yi wa kayan rajista ne don lafiyar jama'a. A Maleshiya hukumar gwamnati, JAKIM, ce ke ba da shaidar. A Najeriya ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka fi yin aikin, kamar Halal Certification Authority da ke Legas.

Ga 'yan'uwanmu masu shago ko gidan abinci, yawancin masu sayayya Musulmi ne, kuma ciniki a nan kan yarda yake tafiya. Kada mu buga tambarin a kayanmu in ba a ba mu shi ba, yaudara ce. Mu sayi nama wurin mahautan da aka sani, in an tambaye mu wanda ya yanka kazar mu faɗi gaskiya. Mai son kai riɗi ko zoɓo ƙasashen Larabawa ya fara tambayar mai saye wace hukuma ƙasarsa ta amince da ita, don ba kowace takarda ake karɓa ba.