Hendra Setiawan: Abokai Biyu, Kambun Duniya Huɗu

A wasan badminton na maza bibbiyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tarihin Hendra Setiawan, ɗan Indonesiya haifaffen 1984, ya tabbatar da haka. Shi da Markis Kido suka ci kambun duniya a 2007 da zinaren Olamfik a 2008. Daga baya ya haɗu da Mohammad Ahsan, suka ɗauki kambun a 2013 da 2015. Da aka fitar da su tun zagayen farko a Olamfik ta 2016, sai suka rabu, aka ɗauka zamaninsu ya wuce. Amma suka sake haɗuwa, suka karɓo kambun a Basel ranar 25 ga Agusta 2019, ranar da Hendra ya cika shekara 35.