Labarin Kasuwa Kafin Ciniki: Darasi Daga Tarihin Fatauci a Yammacin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Tun kafin a san kalmar kamfani a ƙasar nan, ɗan kasuwar Kano ba ya kwance bakin jakarsa sai ya ji labarin kasuwar da zai shiga: me ke tsada, me ya yi kwantai, wa ke biyan bashi, wa ke tauye mudu. Wannan maƙala za ta duba yadda ake tattara irin wannan labari, da yadda ya shafi manoman ƙasar Gwarzo da Kabo.

Hanyoyin Samun Labari a Zamanin Fatake

Gwarzo tana kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta Rimin Gado ta nufi ƙasar Katsina. A wannan yanki, kamar sauran karkarar Kano, kasuwanni na ci ne mako-mako, kowace da ranarta. Ɗan koli ko mai awo da ya ci kasuwa uku a mako yakan isa garuruwa irin su Getso da Garo da farashin gero da auduga da gishiri a kansa. Shi ne jaridar wancan zamani.

A fatauci mai nisa kuwa, abin ya fi haka tsari. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara da safarar goro daga Gwanja a ƙarni na 19, kan yi watanni a hanya. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya san lafiyar hanya da kuɗin fito. A kowane zango akwai fatoma, wato mai masaukin da ke sauke fatake, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya kuma faɗa musu wanda ya kamata a ba bashi. La'adar da ake ba dillali kuɗin saninsa ne, domin ya san abin da baƙo bai sani ba.

Binciken Turawa

Turawa ma sun yi nasu binciken. Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso a 1851 cikin tawagar da gwamnatin Ingila ta turo. Barth ya ƙididdige hajojin Kasuwar Kurmi, har ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa a waje sun kai aƙalla na wuri miliyan 300 a shekara.

Irin waɗannan rahotanni sun sa masu masaƙun Lankasha a Ingila suka yi imanin cewa ƙasar Kano za ta zame musu rumbun auduga. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wato BCGA, kuma fatan samun audugar Arewa na cikin dalilan shimfiɗa layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Sai dai lissafin bai fita ba. Turawan sun ga auduga, amma ba su tambayi wanda ke sayen ta ba. Masaƙa da marinan gida suna biyan farashin da ya fi na BCGA, don haka manomi bai ga dalilin kai musu ba.

Yadda Gyaɗa ta Yi Rinjaye

Waɗanda suka karanci kasuwar daidai su ne tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata (1877–1955). Sun ji daga kamfanoni cewa masana'antun Turai na neman man gyaɗa, sun kuma san halin manomi. Gyaɗa tana son jigawa, ana shuka ta tare da hatsi, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Auduga ba ta shiga tukunya.

Sai suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna bi ta hannun dagatai da masu unguwanni, suna shaida wa manoma farashi. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, har jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta. Wannan shi ne mafarin dalar gyaɗa. Da ɗan gari akan ci gari.

Rabon Manomi

Ba kowa ne ya ci moriyar labarin daidai ba. Kamfani ya san farashin Ingila, babban wakili ya san na Kano, ɗan baranda ya san na sikeli. Manomin Kabo ko Gwarzo kuwa, wanda tafiyar birni kan ci masa kwanaki a kan jaki, abin da aka faɗa masa shi ya sani. Yawan ribar kowa gwargwadon saninsa ne. Saboda haka manoma suka koyi binciken masu saye, suna tambayar juna sikelin wa ke da gaskiya, wa kuma ke biya lakadan.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Hukuma ce ke yanke farashi a farkon kaka, ta kuma ba wakilai lasisin saye. Manomi ya huta da faɗi-tashin farashi, amma an ɓoye masa ainihin darajar kayansa a duniya, gwamnati tana riƙe rarar. Fari na 1972 zuwa 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, a 1986 aka rushe hukumomin gaba ɗaya.

Kammalawa

Tun zuwan wayar salula a 2001, manomin Getso na iya jin farashin Kasuwar Dawanau bai bar gonarsa ba. Amma waya farashi kawai take kawowa, ba ta nuna halin mai saye. Abin da fatoma ya riƙe shi ne sanin mutum da amanarsa, kuma wanda ya rasa wannan zai yi cinikin biri a sama.

Ya kamata malaman makaranta su tura ɗalibai wurin tsofaffin dillalai da waɗanda suka yi aikin sikeli, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu.