Birnin Duluth

Duluth birni ne a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, yana zaune a ƙuryar yamma ta Tafkin Superior, wanda babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi a duniya. Asalin sunansa daga wani Bafaranshe ne, Daniel Greysolon du Lhut, wanda ya iso wurin a shekarar 1679, yana neman sulhu tsakanin kabilun Dakota da Ojibwe domin fataucin fatu ya ɗore.

Arzikin garin kuwa a ruwa yake, domin tun da aka haƙa mashigar jirage a 1871, kana aka soma sauko da tama daga tsaunukan Mesabi a 1892, sai jiragen dakon tama da alkama suka mai da shi matattara, har ya zamana bayan buɗe hanyar ruwa ta St. Lawrence a 1959, jirgi kan taso daga Tekun Atilantika, tafiyar mil fiye da 2,300, ya yada zango a nan. Babbar alamarsa ita ce gadar ƙarfe da aka gina a 1905, wadda tun 1930 ake ɗaga tsakiyarta sama jirgi ya shige, kuma haƙiƙa abin kallo ce.

Amma tarihinsa yana da tabo. Ranar 15 ga Yuni 1920, gungun mutane suka fitar da baƙar fata uku daga kurkuku, suka rataye su bisa zalunci, ba shari'a, ba hujja. Sai a 2003 aka gina musu wurin tunawa daura da inda aka kashe su.