CODESRIA

CODESRIA majalisa ce ta bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa a Afirka, mai zaman kanta, wadda hedikwatarta ke birnin Dakar na ƙasar Senegal. Masana 'yan Afirka ne suka kafa ta a shekarar 1973, domin nahiyar ta riƙa nazarin siyasarta da tattalin arzikinta da harkokin mulkinta da kanta. Babban sakatarenta na farko shi ne Samir Amin, masanin tattalin arziki haifaffen Masar. Daga baya, Thandika Mkandawire na Malawi ya riƙe muƙamin har zuwa 1996.

Majalisar tana ba da tallafin bincike, tana horar da matasan masana, tana kuma buga littattafai da mujallu, ciki har da Africa Development da ta fara fitowa a 1976. Babban taronta ne ke zaɓen shugabanni. Claude Ake na Najeriya da Mahmood Mamdani na Yuganda sun taɓa shugabantar ta.

A ranar 29 ga Nuwamba, 1990, wani taro da majalisar ta shirya ya amince da Sanarwar Kampala kan 'yancin masana, a lokacin da gwamnatocin soja da tsare-tsaren tsuke bakin aljihu suka takura wa jami'o'in nahiyar.