Riƙon 'Ya'yan Gudun Hijira: Yaran Yahudawa na 1938 a Ma'aunin Al'adar Zango

Daga watan Disamba na 1938 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a watan Satumba na 1939, Birtaniya ta karɓi yara kusan 10,000, galibinsu Yahudawa, daga Jamus da Ostiriya da Cekoslobakiya da birnin Danzig, a ƙarƙashin shirin da ake kira Kindertransport, wato jigilar yara. Shirin ya biyo bayan farmakin daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938, lokacin da 'yan Nazi suka ƙone wuraren ibadar Yahudawa, suka farfasa shagunansu, suka kuma kwashe maza kimanin 30,000 zuwa sansanonin tsarewa. Majalisar Birtaniya ta tattauna batun ranar 21 ga Nuwamba, kuma gwamnati ta amince bisa sharuɗɗa masu tsauri: kada yaro ya kai shekara 17, kada iyayensa su biyo shi, kada baitulmali ya ɗauki ɗawainiyarsa, daga baya kuma aka ƙara da ajiyar fam 50 a kan kowane yaro domin kuɗin sake fitar da shi daga ƙasar. Sharaɗi na biyu shi ne ya fi cancantar nazari, domin da shi ne aka ceci ɗa aka bar mahaifansa a bakin halaka.

Adalci ne a faɗa cewa wasu ƙasashen ba su yi ko rabin haka ba. Taron Evian na watan Yuli 1938 kan batun 'yan gudun hijira ya tara ƙasashe 32 a Faransa, ya watse ba tare da wani abin kirki ba, sannan ƙudurin Wagner da Rogers na shigar da yara 20,000 Amurka ya mutu a majalisa a 1939. Aikin ya faɗa wuyan ƙungiyoyin Yahudawa da Kiristocin ɗariƙar Kwaka da ɗaiɗaikun mutane, irin su Truus Wijsmuller, 'yar Holan da ta fuskanci jami'in Nazi Adolf Eichmann a Biyana ta fito da yara kimanin 600 a jirgin ƙasa guda, da Nicholas Winton wanda shi da abokan aikinsa suka fitar da yara 669 daga Prag.

Sai dai abin da ya biyo bayan saukar yaran a tashar jiragen ruwa ta Harwich da ke Birtaniya bai cika shiga labarin da ake yaɗawa ba. An rarraba su a gidajen mutanen da iyayensu ba su taɓa gani ba, aka raba wa da ƙane, wasu 'yan matan aka mai da su masu aikatau, kuma da yawa sun tashi a gidajen da ba a san addininsu ba har wasu suka bar shi, abin da ya jawo ƙorafin malaman Yahudawa irin su Solomon Schonfeld. A 1940 gwamnatin da ta ba su mafaka ta tsare kimanin 1,000 daga cikin manyansu a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba, kuma sai a 1944 aka yi dokar da ta naɗa musu waliyyi, aka ɗora wa Lord Gorell wannan nauyi. Bayan yaƙi, da yawa sun tarar an kashe iyayen duka biyu.

Mutanen zangunan Akra a ƙasar Gana suna da ma'aunin da za su auna wannan tarihi da shi, domin su ma baƙunci ne ya kafa su, wani lokaci ma yaƙi. Basasar Salaga ta 1892 ta tarwatsa fataken goro da malaman Hausawa zuwa Kete-Karachi da sauran garuruwan kudu. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima kuma ta taso ne a filin da Malam Amadu Futa ya samu a farkon shekarun 1930 daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Ginshiƙin waɗannan unguwanni shi ne mai masauki, wato maigidan da ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya nema masa abin yi, kamar yadda Deborah Pellow ta bayyana a nazarinta na Sabon Zango. Tare da shi akwai riƙo, inda uba ko uwa ke danƙa ɗa a hannun gwaggo ko kawu ko malami domin tarbiyya. A riƙo iyaye ne ke zaɓen mariƙi, yaro yana nan da sunan ubansa da addininsa, kuma idan aurensa ya zo sai an koma ga danginsa. Ba a ce riƙo ba shi da aibu ba, domin kowa ya san 'yar riƙon da ke yini da farantin talla a kasuwar Nima alhali 'ya'yan gida suna makaranta, amma dai ƙa'idarsa ba ta yarda a yanke igiyar zumunci ba, kuma ta wannan fuska ya fi tsarin 1938 daraja.

Ta fuskar rubutu kuwa lamarin ya juya. Masu jigilar yaran Yahudawa sun buɗe wa kowane yaro fayil, kuma ƙungiyar World Jewish Relief tana riƙe da dubban irin waɗannan takardu da jikoki ke nema har yau. Riƙon zango amana ce ta fatar baki, raunin hakan kuma ya fito fili ranar 18 ga Nuwamba 1969, da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama wa'adin kwana 14 su fice. Kimanin mutum 200,000 suka bar Gana cikin 'yan watanni, ciki har da waɗanda aka haifa a ƙasar amma ba su da shaidar haihuwa, kuma iyalai da dama sun rabu. Shekara guda bayan haka Nijeriya ta fuskanci makamancin wannan, lokacin da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen dawo da yaran Biyafara kusan 5,000 da aka kai Gabon da Kwaddibuwa a lokacin yaƙin basasa, inda gano dangin waɗanda aka ɗauke suna ƙanana ya zama jan aiki.

Batun bai tsaya a tarihi ba, tun da rikicin Burkina Faso yana turo iyalai zuwa arewacin Gana, kuma zango ne inda baƙo Musulmi ya saba nufa idan ya iso birni. Rajistar haihuwa a Gana kyauta ce cikin shekarar farko ta jariri. Ya kamata sarakunan zango da limaman unguwannin Nima da Mamobi su tsaya a kan yin ta, su kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta sunan kowane ɗan riƙo da na iyayensa da garinsu da wanda ya kawo shi.