Yadda birane suka rasa taurarinsu

Ya kai mai karatu, idan dare ya yi a ƙauye, ka fito tsakar gida ka ɗaga kai. Za ka ga Kaza da ƴaƴanta. Za ka ga wani farin hazo ya ratsa sama kamar hanya. Kana tsammanin kowa na ganin haka? A'a. A yau mutum ɗaya cikin uku a duniya ba ya ganin wannan farar hanya daga inda yake zaune. Fitilun birane sun rufe ta. Ga tarihin yadda abin ya faru, da yadda aka gano shi.

Tun zamanin da, mutane ke auna hasken taurari da ido. Wajen shekara ta 150, wani masani mai suna Batlamus, a birnin Iskandariya ta Masar, ya rubuta taurari sama da 1,000. Ya kasa su aji shida. Aji na ɗaya su ne masu tsananin haske. Aji na shida su ne waɗanda da ƙyar ido ke kama su. A shekara ta 964, Abdurrahman Sufi na ƙasar Farisa ya sake duba su da idonsa, ya gyara lissafin. Riƙe wannan da kyau, domin shi ne mudun awo: inda ake ganin taurarin aji na shida, daren wurin mai duhu ne sosai.

A 1882 aka buɗe tashar wutar lantarki a birnin Niyok na Amurka. Sannu a hankali birane suka cika da fitilu. To, ba dukan haske ne ke sauka ƙasa ba. Wani yana tashi sama, ya bugi ƙura da raɓa, ya watsu, sai sama ta yi fari-fari. Ƙananan taurari su ne ke fara ɓacewa.

Masu binciken taurari ne suka fara kokawa. A 1917 an kafa babban madubin hangen sama bisa dutsen Wilson, kusa da birnin Los Anjelis. Birnin ya yi ta girma, haskensa yana dame musu aiki. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, aka rage fitilun birnin don tsoron jiragen abokan gaba. A cikin wannan duhu, wani Bajamushe mai suna Walta Bade ya ɗauki hoton taurarin da ba a taɓa rarrabewa ba, ya bayyana aikinsa a 1944. Ka ga, taurarin suna nan inda suke. Fitilu ne suka tsare su.

Daga nan aka tashi tsaye. A 1958 garin Falagstaf na Amurka ya kafa doka bisa manyan fitilu masu haska sama. A 2001 wani mai suna Jon Botil ya fito da ma'auni mai hawa tara: hawa na 1 duhun daji ne, hawa na 9 tsakiyar babban birni. Aka kuma yi amfani da taurarin ɗan Adam, suna ɗauko hoton ƙasa da dare. A 2016 aka fitar da taswirar duniya ta hasken dare. Ta nuna sama da kashi 80 bisa ɗari na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin sama wadda fitilu suka gurɓata. A Singafo abin ya fi tsanani. Maƙwabciyarmu Cadi kuwa tana cikin ƙasashen da darensu ya fi duhu.

Amma har yanzu ido bai daina aiki ba. Tun 2006 ake roƙon mutane ko'ina su dubi sama, su faɗi taurarin da suka gani. An tara rahoto sama da 50,000 daga 2011 zuwa 2022. Da aka yi lissafi a 2023, aka ga hasken sama da dare yana ƙaruwa kusan kashi 10 bisa ɗari kowace shekara. Ma'ana, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya kai shekara 18 sai dai ya ga 100.

Mu fa? A 1960 mutanen Yamai ba su fi 30,000 da kaɗan ba. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan ɗaya. Maraɗi, Damagaram da Tawa su ma sai faɗi suke yi. Idan ka taɓa tunkarar birni da dare, ka ga haskensa a sama tun kana nesa. Wannan haske bai haska ma kowa hanya ba. Kuɗi ne aka ƙona a banza.

Kada ka ce muna ƙin lantarki. Muna son shi a asibiti, a makaranta, a kasuwa da cikin gida. Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne dabara. A sa ma fitila murfi, ta dubi ƙasa. A kashe wadda ba a bukata. Tun ran gini, ran zane.

Kai ma kana iya awo. Zaɓi dare marar wata lokacin ɗari. Ka nisanci wuta, ka jira kamar minti 20 idonka ya saba. Ƙidaya ƴaƴan Kaza. Mai kaifin ido yana ganin shida ko bakwai. Ka rubuta adadin da ranar cikin littafinka. Idan ka je birni, ka sake ƙidayawa, ka gwada. Baɗi ma ka yi haka, ka nuna ma yaranka. Kakanninmu da taurari suka san lokacin damina, da su ayari suka san hanya. Kada a hannunmu su ɓace.